Kibiya Mai Tsaga Huɗu

A shekara ta goma sha bakwai da hawan Sarki Barmo gadon sarautar Gazama, bayan an gama kai amfanin gona rumbu, wata safiyar Talata babban reshen kukar da ke ƙofar fada ya tsage ya faɗo, ba iska ba ruwa. Masu duba suka kewaye shi suna kaɗa kai. Wani ya ce mutuwar babba ce, wani ya ce cin amana ne daga cikin gida. Su masu duba dai haka suke, sukan faɗi abu biyu don in ɗaya ya kuɓuce ɗaya ya kama. Ba a kai hantsi ba sai ga manzo daga bakin daga, dokinsa na kumfa, shi kuwa ko hula babu a kansa.

Kwana tara ke nan da rundunar Gazama ta fita tare mayaƙan Warzagi a Mashigin Giwa, inda kogi ya raba ƙasashen biyu. Ba wanda ya zaci jin mugun labari, domin Gazama ba da dawaki take taƙama ba, da 'yan baka take taƙama. Su ɗari tara ne. Mafi yawansu masu dogon baka ne na ice, irin na kaka da kakanni, sauran kuma masu gajeren bakan ƙaho mai lanƙwasassun kunnuwa, wanda fatake suke kawowa daga gabas. Tun da aka kafa birnin ba a taɓa jin abokin gaba ya ƙetare Mashigin Giwa ba.

Manzo ya faɗi gaban Sarki, ya ce, "Zaki, Allah ya ja zamaninka. Ba tsoro muka ji ba, kibau ne suka ci amanarmu. Mutum zai auna ƙirjin doki, kibiya ta tafi hagu, na kusa da shi ya saki tasa ta tafi dama. Waɗansu kuma a kan tsirkiya suka kakkarye, tsinin ya koma wa mai harbi a hannu da dafinsa. Mun rasa mutum ɗari da arba'in. Warzagi sun ƙetare, kwana uku ya rage tsakaninsu da ganuwa."

Sarki ya ce, "Ina Sarkin Baka Nomau?"

"Yana cikin waɗanda kibiyarsu ta kashe, ranka ya daɗe."

Duk kibiyar da ake harbawa a Gazama daga gida ɗaya take fitowa, gidan Magajin Kyauro, kuma mai riƙe da wannan sarauta a lokacin wani dattijo ne ana ce masa Anaruwa. Kakanninsa bakwai suka yi wannan sana'a. Ba da karan fadama suke yin kyauron kibiya ba, da miƙaƙƙen tsiron dargaza suke yi, su kankare shi, su gasa a bakin wuta, su shafe da man kaɗanya har ya yi baƙi. Al'adar garin kuwa ita ce, ɗan baka ba ya karɓar kibiya sai ya kai bakansa Magajin Kyauro ya ja tsirkiyar da hannunsa, sa'an nan ya shige wani ɗaki da ba mai shiga, ya fito masa da nasa. Mutane sun ɗauka tofi ne yake yi a ciki. Shi kuwa bai taɓa gyara musu zato ba.

Anaruwa bai san wainar da ake toyawa ba. Kwanansa goma sha biyu a daji yana sarar dargaza, ya fita tun kafin runduna ta tashi. Ranar Laraba da hantsi ya doso ƙofar birni da jakunansa uku, yana ta lissafin irin tsiyar da zai yi wa amininsa Nomau idan ya dawo daga yaƙi, sai dogarai suka tare shi. Ba su bari ko kayan jakunan ya sauke ba.

Ya tarar da fada a cike. Sarki na kan karaga, Galadima Tunau a damansa, Ƙaura Gagare shugaban yaƙi kuwa yana zaune da ƙurar hanya a jikinsa, don da asubar nan ya iso da ragowar runduna. Hauni, mai sare kan masu laifi, na tsaye bakin ƙofa da takobi. Anaruwa ya ga takobin, ya san ba don ado aka kawo shi ba.

Galadima ne ya fara magana, shi da ma ba ya bari a riga shi. "Zaki, ga wanda ya ƙera kibau ɗin. Hannu ɗaya ne ya yi su, ba biyu ba, balle a ce a bincika. Kuma fada ba ta manta ba cewa uwar da ta haife shi mutuniyar Warzagi ce. Ya yi mana ruɓaɓɓun kibau, ya tsere daji ya jira a gama da mu. Jiya reshen kuka ya faɗo, masu duba sun ce cin amana ne daga cikin gida. Me kuma ake jira?"

Sarki ya juya ga Ƙaura. Ƙaura ƙato ne, mutum mai kaifi ɗaya, wanda bai iya kwana-kwana ba. Ya ce, "Ni ban san zuciyarsa ba, Zaki. Abin da idona ya gani shi zan faɗa." Ya buɗe wani ƙyalle ya ajiye a ƙasa. "Wannan aka zare daga hannun Sarkin Baka. Ya ja bakansa kamar yadda ya saba, ta tsage biyu, guntun ya shige masa tsakanin babban yatsa da manuni. Kafin rana ta karkata ya cika."

A nan ne Anaruwa ya ji mutuwar Nomau, a tsakiyar fada, daga bakin mai ƙararsa. Shekara arba'in suna cin tuwo a akushi ɗaya. Amma wanda takobi ke jira ba ya da sararin kuka. Ya ja gwiwa ya ɗauki guntun kibiyar, ya juya wajen gindinta, inda tsirkiya ke zama. Aikinsa ne, babu musu. Sai dai a ƙarƙashin naɗin jijiya akwai wata 'yar tsaga siririya da aka yi da bakin wuƙa, guda ɗaya tak.

Ya ɗaga kai ya ce, "Wa ya ba Nomau wannan kibiya?"

Galadima ya ce, "Ji wata tambayar rainin hankali. Wa ke ba da kibiya in ba kai ba?"

"Ni na yi ta, ranka ya daɗe, amma ba shi na yi wa ba. Ko a mafarki ba zan sa wannan a kwarin Nomau ba."

Sarki Barmo ba mai gaggawa ba ne, shi ya sa ya daɗe bisa karaga. Ya ce, "Magajin Kyauro, kibiya ai kibiya ce. Ka fito da maganarka fili, don ba ni da kwanakin da zan ɓata wajen warware zance."

Nan fa ake yin ta. Ranar da mahaifin Anaruwa zai rasu, ya sa shi dafa dutsen gadon gidansu ya rantse ba zai faɗi abin da ake yi a ɗakin nan ba sai ga wanda zai gaje shi. Da wannan asiri gidan ya ci ya sha tun kaka bakwai. Ya dubi takobin Hauni, ya dubi guntun da ke hannunsa da busasshen jinin amininsa a jiki. Ya ga cewa ko da ya zaɓi ya mutu da bakinsa a rufe, jibi sauran 'yan baka za su hau ganuwa da irin waɗannan kibau. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

"Zaki, gani ya kori ji. A aika gidana, a shiga ɗakin da ba a shiga, a ɗauko wani baƙin dutse mai igiya da 'yan gwafanni biyu. A kawo dogon baka ɗaya, bakan ƙaho ɗaya, da cikakken kwari guda daga cikin waɗanda suka dawo daga Mashigin Giwa. A kuma ba ni ɗan bakan da fada ta yarda da hannunsa. In na yi ƙarya, ga Hauni nan, bai yi nisa ba."

Galadima ya ce jan lokaci ne. Sarki ya ce a kawo.

Aka fita filin ƙofar fada, gari ya taru. Wanda aka zaɓa shi ne Cindo, mataimakin marigayi Sarkin Baka, mutum mai yatsa shida a hannun hagu, wanda ake cewa yana kaɗo kurciya tana tashi. Idanunsa sun yi ja wur, ko kallon Anaruwa ba ya son yi. Aka rataye garkuwar fata a jikin kuka, taki sittin daga inda suke.

Anaruwa ya kafa gwafanninsa a ƙasa, tsakaninsu kamu ɗaya da rabi. Ya zazzage kwarin, kibau ashirin suka zubo, baƙaƙe, kauri ɗaya, tsawo ɗaya, ko uwarsu ba za ta bambanta su ba. Ya ɗora guda bisa gwafannin, ya rataya dutsen a tsakiyarta. Ta sunkuya sosai har dutsen ya kusa taɓa ƙasa. Ya ɗora wata, ta ɗan sunkuya. Ya ɗora ta uku, ita kuwa da kyar ta motsa.

"Ga tofin da nake yi a ɗaki, jama'a," in ji shi. "Babu wani tofi. Dargazar da ta tsiro a gefen rafi laushi gare ta, wadda ta tsiro a kan fako tauri gare ta, ido kuwa ba ya gani, sai dutse. Mai laushi nakan yi mata tsaga ɗaya a gindi, matsakaiciya biyu, mai tauri uku. Kibiya in ta bar tsirkiya ba a miƙe take fita ba, sai ta lanƙwasa ta kewaye jikin baka, sa'an nan ta miƙe ta kama hanya. In bakan ya fi ƙarfinta, lanƙwasar ta yi yawa, ta ɓace ko ta karye. In ita ta fi ƙarfin bakan, ta ƙi lanƙwasa, ta bugi jikinsa ta goce. Shi ya sa nake jan tsirkiyar kowa kafin in ba shi nasa."

Ya miƙa wa Cindo dogon baka da kibiya mai tsaga uku. Cindo ya auna ya saki, ta goce hagu, ta wuce kuka da kamu biyu ta faɗi cikin ciyawa. Ya ba shi mai tsaga ɗaya a wannan bakan dai. Ta tafi ta kafe a tsakiyar garkuwa. Jama'a suka ɗauki guna-guni.

Sa'an nan ya ɗauko bakan ƙaho. Kafin ya miƙa, sai da ya sa aka naɗe wa Cindo hannun hagu da fatar sa riɓi biyu, ya kuma zaɓi mai tsaga ɗaya ya kankare dafin da ke kanta. Cindo ya ja har kunne ya saki. Aka ji ƙas, kibiyar ta rabu biyu, guntun ya soki fatar da ke hannunsa ya tsaya cak. Cindo ya daɗe yana kallon guntun nan, a daidai wurin da ya gani a hannun maigidansa. Da aka ba shi mai tsaga uku ya saki, ta huda garkuwar ta shige jikin kuka har rabi.

Sarki ya miƙe tsaye, abin da ba ya yi a bainar jama'a. "To, in kowa ka ba shi nasa, yaya aka yi kwari ɗaya ya ƙunshi iri uku? Wa ya cakuɗa kibau na Gazama?"

 'Yan baka suka sunkuyar da kai, domin kowannensu ya sani. Anaruwa bai sani ba, amma da ya waiwaya ya ga fuskar Ƙaura, sai ya gane. 

Ƙaura ya tako, ya kwance takobinsa ya ajiye gaban Sarki, ya durƙusa. "Ni ne, Zaki. Ranar da za mu tashi na duba kwarin mutanena. Na ga yaran manyan gidaje da kibau sittin-sittin, na ga maharban ƙauye da takwas, wani da biyar. Na ce mutuwa ɗaya za mu tara, ba zan kai wani gabanta da kibiya biyar ba. Na sa aka zube su duka a shimfiɗa ɗaya, aka raba ashirin-ashirin. Sarkin Baka ya ce mini ransa bai kwanta ba, tun da ba a taɓa yi ba. Na tambaye shi dalili, ya ce bai san dalili ba, al'ada ce kawai. Na ce masa tun da hannu ɗaya ya yi tofin, albarkar ɗaya ce. Ni na kashe shi, na kashe ɗari da arba'in, kuma na zo da ƙarar wanda ba ruwansa."

Mai karatu, a nan ya kamata a tausaya wa Ƙaura Gagare. Ba mugunta ta sa shi ba, ba kuma kwaɗayi ba. Adalci ya nema, garin neman gira ya rasa ido.

Galadima kuwa faɗuwa ta zo masa daidai da zama, don ya daɗe yana jin haushin yadda Sarki ke sauraron Ƙaura. Nan take ya manta da uwar Anaruwa da Warzagi ɗinta. "Zaki, ya faɗa da bakinsa. Al'adar fadar nan ce, takobin Hauni in ya fito kube ba ya komawa da ƙishi. An sami mai shi."

Anaruwa ya tsira ke nan, da ya ja bakinsa ya yi shiru da ya koma gida da kansa bisa wuyansa. Amma maganar nan ta Nomau, cewa bai san dalili ba, ta tsaya masa a ƙirji. Ya tuna wata rana da damina suna zaune a zaurensa suna cin gyaɗa, Nomau ya ɗauki kibiya ya ce, "Wai Anaruwa, wannan 'yar tsagar da kake yi musu, ta mece ce?" Shi kuwa ya yi dariya ya ce tsagar gado ce, don kada su ɓata a kasuwa. Suka yi dariya tare, aka wuce wurin. Da ya faɗa masa gaskiya a ranar, da kalma uku sun ishi Nomau ya tsayar da Ƙaura.

Ya durƙusa kusa da Ƙaura, kafaɗa da kafaɗa. "Allah ya ba ka nasara, in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ƙaura ya raba abin da bai sani ba, ni kuwa na ɓoye abin da na sani. Mutum ɗari tara suna ɗora ransu a kan aikina, ban gaya wa ko ɗaya abin da ke riƙe da ransa ba, har da wanda nake ci da shi. Na ji tsoron in na faɗa gidana zai rasa abinci. In takobi zai sha, to, mu biyu ne. Amma in ka sare Ƙaura yau, jibi wa zai tsaya a ƙofa? In ka sare ni, wa zai ja baka ɗari bakwai da sittin ya gaya wa kowa nasa?"

 Sai Sarki ya ce, "Galadima ya yi gaskiya, takobi ba ya komawa kube da ƙishi. Hauni, ka kafa shi a gindin kukar nan a zare. In Warzagi suka juya, jininsu ya shayar da shi. In suka taɓa ganuwa, ku biyun nan za ku shayar da shi kafin su shigo. Na ba ku yau da gobe."

Hausawa na cewa ba a fafe gora ranar tafiya, amma Gazama ta fafe, don ba ta da zaɓi. Aka zube duk kibau na birni a filin fada. Magajiya, yayar Sarki, ta fito da matan gari, ta zaunar da su sahu-sahu, kowace ta ɗauki kibiya ta duba gindi ta jefa a tulin da ya dace. Maƙera suka auno duwatsu talatin daidai nauyin dutsen gadon, aka kafa gwafanni talatin, aka kwance sabon kyauron da ke cikin rumbun Anaruwa, masaƙa da majema da mahauta suna ratayawa suna tsagawa. Asirin da aka kulle shekara ɗari biyu, kafin la'asar har 'yan tallan fura sun iya shi. Ƙaura da kansa yake ɗaukar dammunan kibau a ka yana kaiwa tuli, ba wanda ya iya hana shi.

Shi kuwa Anaruwa yana zaune bisa turmi, 'yan baka na bin layi. Kowa ya miƙo bakansa, ya ja tsirkiyar zuwa kunne, ya ce ɗaya, ko biyu, ko uku, a ɗaura wa mutum zare a wuyan hannu gwargwadon haka. Tsoho ne mai shekara sittin da biyar. Ran farko ya ja ɗari huɗu, yatsunsa suka fashe. Kashegari kafaɗarsa ta kumbura har ba ya iya ɗaga hannu sai an tallafa masa, ya sa aka naɗe yatsun da tsumma ya ci gaba.

Ana cikin haka wata tsohuwa ta ɗaga murya daga cikin mata. "Magaji, ka ce tsaga uku ce iyaka. To ga wata da huɗu."

Anaruwa ya ajiye bakan da ke hannunsa. Baka ɗaya ne a duk Gazama yake cin tsaga huɗu, bakan ƙahon Nomau, wanda ake cewa Gagara-Ja. Kibau talatin ya yi masa bara, ya zaɓo su ɗaya-ɗaya daga kan fakon da ya fi kowane tauri. Ya ce duk wadda ta sami irinta ta kawo masa. Zuwa yammacin rana ta biyu an sami tara, sauran sun zube a banza a Mashigin Giwa daga bakunan da ba su iya su ba. Ya ɗaure taran nan da jan zare, ya sa aka ɗauko Gagara-Ja, ya kira Cindo.

Cindo ya tsuguna gabansa, ya ce, "Baba, na zage ka a zuciyata tun daga mashigi har gida. Ka yafe ni."

"Tashi, ɗana, ni ma na zagi kaina. Kana iya jan wannan?"

"Sau biyu ko uku, kafin hannuna ya mutu."

"To kada ka ɓata su a kan ƙananan mutane."

Ranar Juma'a da hantsi Warzagi suka bayyana, tambura na tashi, tutoci na kaɗawa. A kan gaba akwai Barden Warzagi bisa wani baƙin doki, sanye da sulke, ga lifidi har ƙasa. Sun ga yadda 'yan bakan Gazama suka yi a mashigi, saboda haka ko garkuwa ba su ɗaga ba, suna tafe suna yi wa na kan ganuwa eho, wai su harba su gani. Anaruwa na tsugune bayan wata tagar ganuwa, hannunsa a saƙale da wuya. Daga nan yana hango abokan gaba, in ya waiwaya kuma yana hango takobin Hauni na walƙiya a gindin kuka.

Ƙaura ya hana kowa saki. Ya bar su suka wuce tsamiyar mahauta, suka wuce rijiyar baƙi, har ana ganin fararen idanun dawaki. Sa'an nan ya ɗaga hannu ya sauke.

Kibau ɗari bakwai suka tashi tare, kuma a wannan karon inda aka aike su nan suka je. Sahun gaba ya zube. Kafin na baya su gane abin da ke faruwa, ruwa na biyu ya sauka, na uku ya biyo. Amma Barde bai faɗi ba, kibau sai tsalle suke daga jikin sulkensa. Ya daka wa mutanensa tsawa, ya tattara su, ya zaburo da kansa ya nufi ƙofa, masu tsani da masu gatari na bin sa a guje. Saura taki hamsin su taɓa ganuwa.

Cindo ya ɗora mai tsaga huɗu, ya ja Gagara-Ja har jijiyoyin wuyansa suka miƙe, ya saki. Ta farko ta sami Barde a kafaɗa, ta fasa sulke, ya yi tangaɗi bai faɗi ba. Ta biyu ta shiga ƙasan haƙarƙarinsa ta ɓace har gindi. Baƙin dokin ya juya da sirdi ba kowa. Masu tsani suka yar da tsani. Nan Ƙaura ya sa aka buɗe ƙofa, ya fita da 'yan takobi, ya bi su yana kora, bai tsaya ba sai da ya ga na ƙarshensu ya kama hanyar Mashigin Giwa a guje.

Da la'asar Hauni ya zare takobi daga gindin kuka, ya goga shi da rigar Barden Warzagi, ya mai da shi kube a gaban jama'a. Galadima ne ya fi kowa ɗaga murya wajen yi wa Sarki barka. Sarki ya bar wa Ƙaura rawaninsa, ya naɗa Cindo Sarkin Baka, sa'an nan ya ce Magajin Kyauro ya roƙi abin da yake so.

Anaruwa ya ce, "Zaki, a rataye dutsen gidanmu a jikin kukar nan, da gwafanninsa a ƙasa, duk wanda ya ga dama ya zo ya auna. Kuma a bar ni da kibau bakwai ɗin da suka rage."

Bai tsaya kallon wasan makaɗa ba. Ya bi ta lungu har gidan Nomau, ya yi sallama a zauren da ya saba shiga ba sallama, ya zauna a kan tabarmar da suka saba zama. Ya kwance jan zaren da yatsunsa masu tsumma, ya jera kibau bakwai a inda Nomau ke zama, gindinsu na kallon sama.

Ya ce, "Ka tambaye ni tsagar nan ta mece ce. Bari in gaya maka."

Ya fara bayani tun daga dargazar gefen rafi, a hankali, yadda ya kamata ya yi tun shekarun baya. Bai kai ga ta kan fako ba muryarsa ta karye, ya kifa kai bisa gwiwa ya yi kukan da ya riƙe tun ranar Laraba.